Zafin katin girafik a bazarar Abuja: wane adadi ne abin tsoro, wane gyara ne ke aiki

Da zarar hazon hunturu ya janye, rana ta fara dukan Abuja daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, koke iri ɗaya ke yawaita a bakin masu buga gem a kwamfuta. Fanka na ihu, wasan da ke tafiya sumul a Disamba ya fara sarƙewa, wani lokaci allo ya yi baƙi ana tsakiyar wasa. Mutum ya buɗe manhajar auna zafi ya ga digiri 84, ya ga 97, wani ma ya ga 110, hankalinsa ya tashi. In ya tambayi abokai, wani ya ce duk abin da ya haura 80 kati ya kama hanyar ƙonewa. Mai gyara ya ce man ciki ne, wato man janye zafi da ke cikin katin, ya bushe, a kawo a sauya. Kamfanin da ya ƙera katin kuma ya rubuta cewa 110 ba laifi ba ne. Su ukun duk suna iya yin gaskiya a lokaci guda, domin ba abu ɗaya suke aunawa ba.

Adadi uku ne, kowanne da iyakarsa

Katin girafik na zamani, wato sashen kwamfuta da ke zana hotunan da ake gani a allo, yana ba da rahoton zafi daga wurare dabam-dabam, kuma manhajoji irin su GPU-Z da HWiNFO suna jera su a allo ɗaya, abin da ke sa a gauraya su.

Na farko shi ne zafin GPU na gaba ɗaya, wato na cip ɗin da ke tsakiyar katin. Shi ne adadin da aka fi sani, shi ne kuma yawancin manhajoji ke nunawa a kusurwar allo ana cikin wasa. Katunan NVIDIA da yawa an saita su su yi ƙoƙarin tsayawa a wajen digiri 83. Iyakar da kamfanin ya rubuta wa RTX 3060 da RTX 3080 ita ce 93, ta RTX 4090 kuwa 90.

Na biyu shi ne wuri mafi zafi a cikin cip ɗin. Akwai na'urorin awo da yawa a warwatse a jikinsa, sai a ɗauki wanda ya fi kowanne zafi a nuna. Dole wannan adadi ya fi na farko. A 2019, da masu amfani da Radeon RX 5700 suka fara ganin manyan lambobi suna firgita, AMD ta fito ta ce zafin wannan wuri har zuwa digiri 110 yana cikin abin da aka tsara. Ga wanda ke neman gano ciwon kati, abin dubawa a nan shi ne tazarar da ke tsakanin adadi na farko da na biyu. Tazarar digiri 10 zuwa 20 abu ne da aka saba gani. Idan ta kai 25 ko 30, galibi alama ce cewa ƙarfen janye zafi bai zauna daidai a kan cip ba, ko man da ke tsakaninsu ya gudu daga wani gefe. A katunan RTX 50 da suka fara fitowa a Janairun 2025, NVIDIA ta daina barin manhajoji su karanta wannan adadi, saboda haka masu su sun rasa wannan hanyar bincike.

Na uku shi ne zafin memori, ƙananan cip-cip ɗin da ke kewaye da GPU. Memorin GDDR6X da ya zo da RTX 3080 da RTX 3090 a 2020 ya yi suna wajen zafi, kuma kati yakan fara rage gudu idan ya kai wajen 110. RTX 3090 ya fi shan wahala, domin rabin memorinsa a bayan katin yake, inda babu fanka, sai farantin ƙarfe kawai. Ana iya samun kati GPU ɗinsa na 70 lafiya lau, memorin kuma na 104, mai shi bai sani ba don manhajar da yake kallo ba ta nuna masa.

Akwai kuma abin da ya kamata a sani game da halin katin kansa. Tun daga GTX 680 na 2012, katunan NVIDIA suna ƙara wa kansu gudu muddin akwai sararin wuta da na zafi, suna kuma ragewa kaɗan-kaɗan yayin da zafi ke hawa. Na AMD ma haka suke. Idan aka kai iyaka, kati ya rage gudu sosai, idan abin ya wuce nan ya kashe kansa. Wannan ya sa da wuya zafi kaɗai ya ƙona katin zamani farat ɗaya. Abin da zafi ke jawowa shi ne raguwar gudu yau, da saurin tsufan fanka, man ciki da ƙananan kayan wuta a tsawon shekaru.

Inda zafin ke fitowa

Kusan duk wutar da kati ya ja zafi take komawa. GTX 1060, wanda har yanzu yana cikin kwamfutoci da yawa a nan, wat 120 yake ja. RX 580 na jan 185, RTX 3060 na jan 170, RTX 3070 na jan 220, RTX 3080 na jan 320. RTX 4090 ya kai 450, RTX 5090 kuma 575. Cikin shekara goma wutar manyan katuna ta ninka fiye da sau biyu, akwatunan kwamfuta da ɗakunan da ake ajiye su kuwa ba su canza da yawa ba.

Hanyar fitar zafin tana da matakai. Daga cip ya ratsa siririn man da aka shafa, ya shiga farantin jan ƙarfe, ya bi bututun da ke ɗauke da ɗan ruwa a rufe. Ruwan ya zama tururi a gefen zafi, ya koma ruwa a gefen sanyi, ya dawo. Daga nan zafin ya bazu a siraran faifan alminiyam, fanka ta hura iska ta kwashe shi. Mataki ɗaya ya samu cikas, adadi ya hau. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Radeon RX 7900 XTX ƙirar AMD da kanta: a Janairun 2023 kamfanin ya amince cewa wani rukuni na katunan ya fito da ƙarancin ruwa a ɗakin tururinsu, wato farantin da ke yin irin aikin wannan bututu, shi ya sa suke kai 110 su rage gudu. Irin wannan babu man da zai gyara shi, sai dai a sauya katin.

Ɗakin Abuja, ɗakin Jos

Mataki na ƙarshe, wato iskar ɗaki, shi ne wanda aka fi mantawa, kuma shi ne ya fi shafar mai kwamfuta a Abuja. Mai shayi zai iya juye shayi daga kofi zuwa kofi har hannunsa ya gaji, ba zai sanyaya shi fiye da iskar wurin ba. Fanka ma iyakarta ke nan. Idan iskar da ke shiga akwati ta ƙaru da digiri 10, zafin katin zai ƙaru da kusan haka, sai dai in fanka ta ƙara gudu ta rage wani abu.

Masu gwada katuna a Turai da Amurka, waɗanda bidiyoyinsu ake kallo kafin a saya, galibi suna awo ne a ɗaki mai digiri 21 zuwa 25. A Maris zafin rana a Abuja yakan haura 35, kuma ɗaki mai rufin kwano a Nyanya, Kubwa ko Lugbe, in babu esi, ba ya nesa da haka da la'asar. Katin da aka nuna yana 70 a can zai iya zama 82 ko 84 a nan ba tare da wani abu ya lalace ba. Wanda ya kai irin wannan kati a buɗe masa, ya biya kuɗin aikin da ba zai canza komai ba. Ga kuma zafin da kwamfutar kanta ke zubawa: na'urar da ke jan wat 450 a ƙaramin ɗaki rufaffe tana ɗumama iskar da za ta sake shaƙa, shi ya sa awa ta uku ta wasa ta fi ta farko zafi.

Jos na da sauƙi ta wannan fuska. Garin na bisa tudu mai tsayin sama da mita 1,200, darare a Disamba da Janairu sukan sauko ƙasa da digiri 15, bazararsa ma ba ta kai ta Abuja ba. Akwai dai 'yar asara da tudu ke jawowa: a wannan tsayi iska ta fi ta bakin teku rashin nauyi da kusan kashi 11 cikin ɗari, don haka kowane juyi na fanka na kwashe zafi ƙasa da yadda zai yi a Legas. Sanyin garin ya fi ƙarfin wannan asara nesa ba kusa ba, amma tana bayyana dalilin da ya sa bambancin da ake gani a kati ba ya kai bambancin da ake ji a jiki.

Abin da garuruwan biyu suka yi tarayya a kai shi ne ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na cika iska da ƙura mai laushi wadda ke ratsa labule da taga, fanka kuma ta zuƙe ta ta tura tsakanin faifan alminiyam. A lokacin sanyi ba a lura, domin iskar da ke shiga mai sanyi ce. Sai bazara ta zo ta tarar da hanyar iska a toshe. Saboda haka yawancin koken Maris da Afrilu ƙurar Janairu ce ta haife su. In aka bar ta har damina, danshi ya sa ta dunƙule ta manne, hurawa kaɗai ba ta fitar da ita kuma.

Katin na hannu

Kaso mai yawa na katunan da ke hannun matasa a Abuja na hannu ne, ko dai an saya a kasuwannin kayan kwamfuta irin su Banex Plaza da ke Wuse 2, ko an yi oda daga Legas ko waje. Akwai tarihin da ya shafe su. Daga 2020 zuwa 2022 masu haƙar kuɗin kirifto sun kwashe katuna da yawa, suka sa su aiki dare da rana. A ranar 15 ga Satumban 2022 Ethereum, ɗaya daga cikin waɗannan kuɗaɗe, ta sauya tsari ta daina buƙatar wannan haƙa, katunan suka dawo kasuwa da araha.

Ra'ayi ya rabu a kansu. Masu kare su na cewa mai haƙa da ya san aikinsa yakan rage wa kati wuta don ya tsira da riba, kuma zafi ɗaya tsayayye ya fi sauƙi ga dalmar haɗi fiye da hawa da saukar da wasa ke yi. Masu gudunsu na cewa haƙar Ethereum memori take azabtarwa, fanka kuma ta yi shekara biyu ba ta tsaya ba. Duka hujjojin gaskiya ne, sai dai sun shafi sassa dabam. Cip ɗin GPU yakan fito lafiya. Fanka, man ciki da faifan memori, wato faifai masu laushi da ke kai zafin memori zuwa ƙarfe, su ne suka gaji, kuma su ne ake iya sauyawa. Mai saye zai fi amfana da ya nemi a kunna masa wasa mai nauyi na minti 20 zuwa 30 a gabansa, ya kalli adadin ukun, ya saurari fanka, fiye da ya tsaya kan tambayar ko an yi haƙa da katin, tambayar da mai sayarwa kansa sau da yawa bai san amsarta ba.

Ba kowace ɗaukewa ce zafi ba

Idan kwamfuta ta mutu ɗif ana cikin wasa alhali adadin bai kai iyaka ba, a fara zargin wuta. Manyan katuna na fizgar wuta mai yawa na ɗan ƙiftawar ido, fawa fak, wato akwatin da ke rarraba wa kwamfuta wuta, in mai rauni ne ko jabu, ya kasa ɗauka ya yanke. Ƙaramin janareta ko inbata da aka yi wa lodi da yawa ma na jawo haka. Batun narkewar fulogin RTX 4090 da ya ɓulla a Oktoban 2022 shi ma dabam ne: zafi ne a bakin waya, wanda NVIDIA ta danganta da rashin tura fulogin har ƙarshe, kuma daga baya aka gyara ƙirarsa. Fankar kati da ba ta juyawa lokacin da ba a wasa kuwa ba lalacewa ba ce, katuna da yawa an tsara su kada fanka ta tashi sai zafi ya kai wajen digiri 50 zuwa 60.

Gyaran da ba ya cin kuɗi

Tsarin da ya fi ma'ana shi ne a fara da abin da ba shi da haɗari, a bar buɗe kati a ƙarshe.

Ƙura ce farko. A kashe na'ura, a cire waya daga bango, a fitar da akwatin waje, a hura da bulowa ta lantarki, a riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Wasu na kai wa masu faci su hura da injinsu. Iskar na da ƙarfi, amma tankin irin wannan inji yakan tara ruwa da ɗan mai, ba abin da ake so ya sauka a kan allon kati ba. A ɗaga akwatin daga ƙasa, musamman daga kan kafet, a wanke ragar tace ƙura akai-akai a watannin hunturu.

Sai iskar akwati. Gwajin mai sauƙi ne: a cire murfin gefe a yi wasa na rabin awa. Idan zafi ya sauka da digiri biyar ko fiye, laifin akwatin ne, ba na kati ba. Akwatunan da gabansu gilashi ne rufe ruf, masu fitilu kala-kala da ake yayi, su suka fi wannan matsala. Haka ma katin da aka kafa a tsaye don a riƙa ganinsa ta gilashi, fankarsa na iya zama dab da gilashin ta rasa inda za ta ja iska. Maganin shi ne fanka biyu ko uku masu shigo da iska ta gaba ko ƙasa, ɗaya ko biyu masu fitarwa ta baya da sama, mai shigowa ta ɗan fi mai fita yawa don ƙura ta bi ta raga maimakon ta kowace kafa. Barin gefe a buɗe har abada yana rage zafi yau, ya ninka ƙurar gobe.

Abu na uku shi ne wanda ya fi tasiri, kuma shi aka fi ƙyalewa: a rage wutar da katin ke ja. Kamfanoni na tura katunansu zuwa ƙarshen abin da za su iya don su ci gasar lambobi, kuma ɗan gudun ƙarshen nan shi ya fi cin wuta. Dalilin na lissafi ne. Wutar da cip ke ci na tafiya da gudunsa, amma tana tafiya da ƙarfin bolt sau kansa. Idan kati zai iya riƙe gudunsa a bolt 0.90 maimakon 1.05, wutar aikinsa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Akwai hanya biyu. Mai sauƙi ita ce a buɗe MSI Afterburner, ko manhajar Adrenalin ga masu AMD, a sauke iyakar wuta zuwa kashi 80 ko 75. Asarar gudun galibi ba ta kai ragin wutar ba, a wasanni da yawa ma ido ba ya gani. Mai ɗan wuya ita ce rage bolt kai tsaye, a gwada, idan wasa ya rufe kansa a ɗan ƙara. Cip-cip ba halinsu ɗaya ba, lambar da ta zauna wa katin aboki ba lalle ta zauna wa naka ba. Rage bolt ba ya lalata kati, mafi munin abin da zai faru shi ne wasa ya tsaya a koma saitin asali.

Daga nan sai ƙayyade firem, wato yawan hotunan da kati ke zanawa a daƙiƙa. Allon da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa ba shi da abin yi da 200, amma kati zai ci gaba da zana su yana zufa idan ba a hana shi ba. Wannan ya fi faruwa a wasanni marasa nauyi irin na ƙwallo da kuma shafin zaɓi na farkon wasa. A Yulin 2021, lokacin gwajin wasan New World, wasu katunan RTX 3090 na EVGA sun mutu, kamfanin ya ce raunin dalma ne a wani rukuni, masu wasan kuma suka sa wa shafin zaɓin iyakar firem. DLSS da FSR ma, dabarun zana hoto ƙarami sannan a faɗaɗa shi, na rage wa kati aiki, muddin an haɗa su da iyakar firem. In ba haka ba kati zai cinye sararin da ya samu ya koma zafinsa.

Ƙara gudun fanka da hannu na aiki, amma farashinsa ƙara ne da saurin cinye fankar. Dabarun ajiye ƙanƙara kusa da akwati ko juya masa fanka mai ruwa kuwa danshi suke kaiwa ciki, ribar ba ta kai haɗarin ba. Masu laftof, waɗanda suka fi yawa a tsakanin ɗalibai, abu biyu ya fi yi musu aiki: kada a ɗora ta kan katifa ko cinya, a ɗaga bayanta iska ta shiga, sannan a ƙayyade firem.

Buɗe kati: yaushe, kuma da me

A nan ne gardama ta fi zafi. Wasu na ganin duk katin da ya shekara biyu a sauya masa mai. Wasu na cewa kada a taɓa abin da bai lalace ba. Adadin nan uku su ke raba gardamar. Idan an share ƙura, an gyara iska, tazarar wuri mafi zafi kuma ta ci gaba da zama 25 ko fiye, ko zafi na tsalle zuwa iyaka cikin daƙiƙu da fara wasa, buɗewa ta zama dole. Idan tazarar ƙarama ce, kati dai na 80 a ɗaki mai 35, sabon mai zai rage digiri biyu ko uku ne kawai, in ma ya rage.

Man da ake shafawa aikinsa cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani tsakanin cip da jan ƙarfe. Yana bushewa da shekaru, yana kuma guduwa: duk lokacin da kati ya yi zafi ya huce, ƙarfe na buɗewa yana tsukewa, yana tura man zuwa gefe a hankali. Shi ya sa ake samun wanda aka sauya wa mai ya ji daɗi na wata biyu ko uku, zafin ya dawo. Mai ruwa-ruwa ya fi saurin guduwa a kan GPU, mai kauri ya fi zama. Arctic MX-4 da MX-6 da Noctua NT-H1 na cikin waɗanda aka sani, sai dai akwai jabunsu a kasuwa, kuma farin man nan mai arha na sirinji da ake sa wa tsofaffin kwamfutocin ofis bai dace da kati mai wat 200 ba. PTM7950 na kamfanin Honeywell, wanda siririn faifai ne da ke yin laushi a wajen digiri 45, ya samu karɓuwa ne don ba ya saurin guduwa. A GPU ana shafe fuskar cip ɗin gaba ɗaya, domin ba shi da murfin ƙarfe irin na furosesa, gefen da mai bai kai ba zai yi zafi shi kaɗai. Tsohon man kuma da sinadarin isofurofil mai ƙarfin kashi 90 ko fiye ake goge shi.

Faifan memori su ne tarkon da ya fi kama mutane. Suna zuwa da kauri dabam-dabam, rabin milimita, 1, 1.5, 2 har 3, kuma kowane samfurin kati da nasa, wani ma kauri biyu ko uku a jikinsa. Idan aka sa mai kauri fiye da ƙima, zai ɗaga ƙarfen janye zafi daga kan GPU, memori ya yi sanyi, cip ɗin ya fi da zafi. Idan aka sa siriri, ba zai taɓa ba. Sau da yawa tsofaffin na yagewa wajen buɗewa, saboda haka wanda zai buɗe don mai kawai ya kamata ya tanadi faifan da suka dace tun kafin ya kwance sukurun farko. Tambaya ɗaya ta isa a gane mai gyaran da ya san wannan aiki: wane kauri zai sa, kuma ta yaya ya sani.

Ƙarfe mai ruwa, wanda aka yi da galiyam, ya fi kowane mai janye zafi, shi ne a cikin PlayStation 5 da RTX 5090 ƙirar NVIDIA. Amma waɗannan an ƙera su da shingen da ke tsare shi. Wutar lantarki na bi ta cikinsa, ɗigo ɗaya a kan ƙananan kayan da ke gefen cip ya isa ya kashe kati, yana kuma cin alminiyam. Sanyaya kati da ruwa na aiki ƙwarai, sai dai kuɗin kayansa kan kusanci na ƙaramin kati, kuma radiyetansa ma da iskar ɗakin yake hucewa. Gasa kati da bindigar zafi ko a tanda ba gyaran zafi ba ne sam. Dabara ce ta farfaɗo da katin da ya riga ya mutu, kuma galibi na ɗan lokaci ne. Wanda ke sayen na hannu ya duba bayan allon, idan ya ga ya canza launi a kewayen cip, ya san inda katin ya biyo.

Batun garanti na raba sabon kati da tsoho. Mai sabon kati da takardar shago gara ya mayar kafin ya taɓa sukuru. Mai na hannu ba shi da garantin da zai rasa, amma ba shi da inda zai kai kuka idan aikin ya ɓaci.

Abin da ya shafi aljihu

A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta. A ɗauki naira 210 don lissafi. Kwamfutar da ke jan wat 450, awa shida kullum, na cin yunit 81 a wata, wajen naira 17,000. Rage wat 80 ta hanyar sauke iyakar wuta na ajiye wa mai ita kusan naira 3,000 a wata, ban da digirin da suka sauka da ƙarar da ta ragu. Mai inbata da batir kuma ya samu ƙarin mintuna kafin ta fara kuka.

Ga mai shagon gem lissafin ya fi girma. Kwamfuta 10 masu jan wat 450 na zuba zafin kilowat 4.5 a ɗaki ɗaya, ban da na jikin mutane. Esi mai doki ɗaya na kwashe wajen kilowat 2.6 ne, mai doki ɗaya da rabi wajen 3.5, ke nan ko ɗaya daga cikinsu ba zai riƙe shagon ba idan ya cika. Rage wat 80 a kowace na'ura, awa 10 a rana, ya kai yunit 240 a wata, sama da naira 50,000, ya kuma sauke wa esi nauyin wat 800. Wanda ba shi da halin esi, fankar bango mai fitar da iska waje a saman ɗakin za ta fi yi masa amfani fiye da fankar sama, wadda iskar zafin kawai take juyawa.

Masu aikin gyaran bidiyo da zanen gine-gine, waɗanda katunansu ke aiki awanni a jere, memori ya kamata su riƙa kallo fiye da GPU, kuma tura babban aiki zuwa dare ko asuba a Maris da Afrilu na ba su digirin da babu man da zai ba su. Lokacin share ƙura kuwa ƙarshen Fabrairu ne, bayan hazo ya kwanta, kafin zafin ya kankama. Shagon da ke bakin titi marar kwalta zai buƙaci ƙarin shara ɗaya a tsakiyar hunturu.